Rumbun da Badaru Ya Liƙe

Kaji ne suka fara tona maganar. Da hantsi Lalla ta fito za ta shanya wanki, sai ta ga kajinta sun bar dusar da ta watsa masu a tsakar gida, sun taru ƙarƙashin rumbun maigidanta suna ta tsattsagar ƙasa. Ta ajiye ƙwaryar wankin, ta durƙusa, ta sa kumatu a yashi ta leƙa. A jikin wani gungume daga cikin waɗanda aka ɗora rumbun a kai, can ciki, inda idon mai tsaye ba ya kaiwa, ga wata siririyar hanya ta jar ƙasa ta taso daga yashi ta hau har gindin rumbun. Ta sa tsinke ta kankare ta. Fararen ƙwari suka zubo, kaji suka yi caa a kansu. Gara ce, ba ko tantama.

Gabanta ya faɗi, kuma da dalili. Abin da ke cikin rumbun nan shi ne abincin mutum tara har damina ta fita, shi ne kuma irin shuka. A wannan zamani, shekara uku da Nasara suka kafa bariki a Dakoro, kowane maigida sai ya kai wani kaso na hatsinsa rumbunan tanadi na bakin gari, inda gardi, wato dogarin Nasara, ke tsaro, kuma ba mai taɓa su sai kwamandan bariki ya ce a taɓa. Abin da ya rage shi ne maigida ke zubawa a rumbun gandu, ya liƙe bakinsa bayan kaka, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Tsakanin nan gida yana cin hatsin gamana, wato 'yan gonakin da mata ke noma wa kansu. Mace kuwa ba ta leƙa cikin rumbun gandu. Haka aka taras, haka ake yi.

Maigidan nata, Badaru, mutumin gulbin Maraɗi ne. Tun yana saurayi ya hauro arewa shi da wansa Sa'adu neman gona mai faɗi. Shekaru da yawa da rumbun zana yake aiki kamar kowa a nan, sai bara da Allah ya ba da albarka ya ce zai gina na laka, irin na mahaifinsa. Ya ɗauko laka a kan jakai daga wani tafki mai nisa, ya gina shi da hannunsa, ya yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Sai dai a gulbi kan duwatsu ake ɗora irin wannan rumbu, a yashin Dakoro kuwa ina za ka ga dutse? Shi ya sa ya ɗora shi a kan gumaguman aduwa. Lalla, wadda iyayenta makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, a yashin nan aka haife ta, ta san abin da gara ke yi wa icen da ya kwanta a ƙasa. Ta yi magana tun ana ginin, aka ce mata ta ji da tukunyarta.

To, Lalla mace ce mai kaifin ido da kaifin baki, kuma ba ta cika yin kuskure ba. Matsalar ita ce ta san haka. Ta miƙe ko yashin kumatunta ba ta kakkaɓe ba, ta nufi ƙofar gida. A can Badaru na zaune da Sa'adu da wani baƙo da ya koro shanu daga Azagor, suna shan fura. Daga bayan zana ta ɗaga murya.

"Maigida, gara ta hau rumbunka! Sai ka buɗe shi yau. Ai na faɗa maka tun ana ginin nan, aduwa ba dutse ba ce!"

Wayyo, wannan "na faɗa maka" ɗin! Da ta haɗiye shi da an zauna lafiya. Baƙon ya sunkuyar da kai cikin ƙwaryar fura kamar ya ga wani abu a ciki. Sa'adu ya goge baki a hankali, ya dubi ƙanensa.

"Ikon Allah," ya ce. "Badaru, ashe a gidanka mata ke sanin abin da ke cikin rumbu?"

Badaru mutum ne mai sanyi, amma kunya ta kama shi har wuya. Bai ko juya ba ya ce, "Rumbun nan ba ya buɗuwa sai ruwa ya sauka. Koma ciki, Lalla."

Shi ke nan, magana ta fita gaban shaidu. Da baƙi suka watse ya shigo, ya kankare hanyar garar, ya barbaɗa toka a gindin gumaguman, ya ce ya gama da ita. Ta ce toka ba za ta yi komai ba. Ya ce ita mi ta sani game da rumbun laka, mutanen da suka taso a bayan raƙumi? Ta ce mutanen bayan raƙumi ba su taɓa ciyar da gara ba. Daga nan kowa ya kama bakinsa, ba don an shirya ba.

Kwana tara ana wannan zaman. Ta kawo tuwo ta dire, ya ci ya ture kwano. Gaisuwa ta koma "ina kwana" da "lahiya", ba ƙari. Kullum da safe Lalla ta durƙusa ta leƙa, kullum hanyar jar ƙasa ta dawo, in ba a wannan gungume ba, a wancan. Takan kankare, ta miƙe tana huci, ta ce a ranta ai ga shi nan, zai gani. Haushi take ji ƙwarai, kuma a ƙarƙashin haushin tsoro ne, don ta san yunwar damina. Ta taɓa ganin mutane na noma da ganyen tafasa a ciki.

Ranar ta tara ta haɗu da ƙawarta Ma'u a rijiya. Rijiyoyin ƙasar nan zurfi gare su, sai bijimi ya ja igiya ya yi nisa kafin guga ya fito, saboda haka mai jiran ruwa yana da lokacin hira. Lalla ta zazzage mata komai.

"Ke ma dai da wahalar da kai," in ji Ma'u. "Ranar kasuwa in ya fita, ki sa tsani ki ɓalle murfin ki leƙa. In kin ga ɓarna, ki kira shi gaban jama'a ki nuna mashi. Ko ki ce mafarki kika yi, maza na jin tsoron mafarki."

Lalla ta yi dariya, karon farko a kwana tara. "Ma'u, Allah ya shirye ki. In na ɓalle murfin nan, ko hatsin ya tsira gara ta ci aurena. Ƙarya kuwa ba ni yi mashi, shekara goma sha takwas ban yi ba."

Ta ɗauki tulunta. A hanya maganar ta yi ta juya mata a ciki. Ita mi take so ne, ta ci gardama ko 'ya'yanta su ci tuwo da damina? Kwana tara tana jiran ranar da za ta ce "ai ga shi nan", gara kuwa ba ta jiran kowa. Sannan ta tambayi kanta abin da ba ta so ta tambaya: mi ta sani tabbas? Hanya ta gani a jikin icce. Cikin rumbu ba ta gani ba. Mai yiwuwa ne daɓen gindin ya tare su, don Badaru ba ya aikin ha'inci. Kuma tun da aka fara rigimar nan, ko sau ɗaya ba ta tambaye shi dalilinsa ba. Ta dai yanke cewa taurin kai ne, ta zauna a kan haka.

Bayan la'asar ta tura yara gidan gwaggonsu. Badaru na gindin itacen bedi a tsakar gida yana feƙe ƙotar hauya. Ta kawo mashi ruwan sanyi, ba ta dire ba wannan karon, ta miƙa mashi a hannu. Sannan ta zauna a ƙasa, ɗan nesa kaɗan.

"Maigida, ina da magana, in kana da sarari."

"In ta rumbu ce, na gama ta."

"Ta rumbu ce. Amma da fari tawa ce. Ranar nan na yi maka magana gaban Yaya da baƙo, na kuma haɗa da gori. Ban kyauta ba. Ka yafe mani."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Ya shirya wa faɗa, bai shirya wa wannan ba. Ya ɗan yi gyaran murya ya ce, "Ya wuce."

"Na gode. Amma kada ka ɗauka na janye. Har yanzu ina ganin gara na cikin rumbun nan, kuma tsoro nake ji. Sai dai ban gani da idona ba, ba zan rantse ba. Kai ka gina shi. Faɗa mani abin da ya sa kake ganin ba ta shiga ba, ina saurare."

Ya dube ta ya ga da gaske take. Sai ya ajiye ƙotar ya fara bayani, da zafi-zafi tukuna, daga baya a tsanake. Daɓen gindin kaurinsa ya kai tafin hannu. Sau uku ya shafe shi, yana bari ya bushe tsakani. Ya cuɗa lakar da toka. A gulbi ma gara kan ja hanya a jikin rumbu ta gaji ta koma, ba kowace hanya ce ɓarna ba. Lalla ba ta katse shi ba, ko da yake sau biyu bakinta ya yi ƙaiƙayi.

Da ya gama ta ce, "Wannan hujja ce, ban san ka yi shafe uku ba. To amma in ka tabbata haka, mi zai hana ka buɗe ka duba ka mayar? Aikin rabin yini ne. Maganar da ka yi gaban Yaya ce ta ɗaure ka?"

Badaru ya ajiye wuƙar a ƙasa.

"Ita ma tana ciki," ya ce. "Amma ba ita ce babba ba. Lalla, rumbun da ke liƙe ba a roƙonsa. Kowa ya san ba a taɓa shi. Ran da aka ga murfin nan a ƙasa da bazara, kafin azahar gari ya ji. Gidan Yaya mutum goma sha huɗu ne, gamanarsu ta kusa ƙarewa. Zai aiko a ba shi dami biyu. In ce mashi mi? Bayansa surukai, bayansu maƙwabta. Ni na san kaina, ban iya cewa babu alhali ana kallon hatsi. Kafin ruwa ya sauka an kwashe rabi. Ke kina tsoron gara, ni ina tsoron bakina."

Kai! Lalla ta ji kunya ta rufe ta. Kwana tara tana yi mashi kallon mai girman kai, ashe mutumin nan hatsin yake tsaro, kamar yadda take tsaronsa. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta bar tausayin ya ɗauke mata magana ba.

"Gaskiyarka," ta ce. "Wannan ban hango shi ba ko kaɗan. Ashe abu ɗaya muke gudu, kowa ta hanyarsa. To bari in kawo shawara, in ba ta yi ba ka ture ta. A gidanmu, in ana zargin gara a cikin icce, ba a fasa shi. Ƙwanƙwasawa ake yi a sa kunne. In tana ciki za ta amsa, za ka ji kamar yayyafi a kan busasshiyar zana. Kai za ka ƙwanƙwasa, kai za ka saurara, ni ko kusa ba ni zuwa. In ka ji shiru, na rufe bakina har ruwan shuka, kuma ba za ka ga fushi a fuskata ba. In ka ji motsi, ka buɗe."

"In na buɗe, masu roƙo fa?"

"Ba za a bar shi a buɗe ya kwana ba. Zanata shida na nan da na saƙa don darnin gida. A kafa rumbun zana a kan dogayen ƙafafu, inda ido ke ganin ƙarƙashinsa, a kwashe a zuba a rufe a yini ɗaya. Kuma ka kira Yaya ya taya ka, shi zai ɗaure bakin da hannunsa. Wanda ya ɗaure ba zai aiko gobe a kwance ba."

Badaru ya dube ta. Sannan ya ce, "Kin yarda in na ce shiru na ji, shiru ne?"

"Ban taɓa kama ka da ƙarya ba."

Ya tashi. Ita ta zauna inda take, ta harɗe hannuwa a gwiwa. Ya durƙusa ta gabas da rumbun, ya ƙwanƙwasa gindin da ƙotar wuƙa, ya manna kunne. Ya daɗe. Ya ɗago ya girgiza kai. Ya zaga ta kudu, ya sake. Nan ma shiru.

Lalla ta gyara zama. Alkawari ta yi, kuma ba ta cikin masu yin alkawari da wutsiya. "Shi ke nan, Maigida," ta ce. "Na yi shiru."

"Ba mu gama ba," in ji Badaru. "Wane gefe kajin ke taruwa?"

"Ta arewa, wajen darni."

Wurin matsattse ne, sai da ya kwanta ruf da ciki ya ja jiki. Ya ƙwanƙwasa sau uku. Daga inda take ƙafafunsa kawai take gani, ta ga yatsun sun ƙage a cikin yashi. Da ya fito, fuskarsa ta gaya mata kafin bakinsa.

"Tana ciki," ya ce. "Wallahi tana ciki, kamar ana ruwa."

Kalmomin nan uku, "na faɗa maka", sun zo wa Lalla har bakin haƙora, ta mayar da su. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fara jawo zana.

Gari na wayewa Badaru ya tafi gidan wansa da ƙafarsa, ya faɗa mashi komai ba ɓoye-ɓoye, har da cewa matarsa ce ta gano. Sa'adu ya zo yana gunaguni, yana cewa shi dai bai taɓa ganin an buɗe rumbun gandu da bazara don maganar kaji ba. Suka kafa ƙafafun sabon rumbu, suka naɗa zana. Badaru ya hau tsani ya yi bisimilla ya ɓalle murfin. Damman sama lafiya lau, zangarniya cike, har Sa'adu ya fara murmushi. Na tsakiya ma haka. Da aka gangara ƙasa sai Badaru ya miƙo wani dami, Sa'adu ya karɓa, damin ya narke a hannunsa ya zube. Ba hatsi a ciki, jar ƙasa ce da ƙaiƙayi. Gara ta bi ta inda gungume ya tsaga daɓen, ta gina gidanta a gindin rumbun, tana ci tana hawa.

Sa'adu ya tsaya da ƙasa a tafin hannu. Murmushin ya tafi. Ya ɗaure bakin sabon rumbun kamar yadda aka roƙe shi, ya ja igiyar da ƙarfi, ko ruwa bai tsaya sha ba. Nasa rumbun ma na laka ne a kan aduwa, Badaru ne ya taya shi ginawa. A bakin ƙofa ya waiwayo, bai dubi Lalla ba don ba a yi, ya dai ce wa iska, "A ce wa uwargidan nan, ina ne daidai ake ƙwanƙwasawa?"

"Gefen da kaji ke taruwa, Yaya," ta amsa daga bayan zana. Ya fita da sauri har yana tuntuɓe.

Kashi biyu cikin uku ya tsira. Sauran yana nan tsibi guda a tsakar gida, kaji na hawa suna sauka. Da rana ta yi sanyi Badaru ya zo ya tsaya a kan tsibin, jikinsa duk jar ƙasa. Ya duƙa ya ɗauki wata zangarniya da aka ci rabinta, cin sabo ne, ko bushewa bai yi ba.

"Wannan ta kwanakin nan ce," ya ce. "Da na buɗe ran da kika faɗa, da tana cikin rumbu."

"Da na faɗa maka kai kaɗai, da ka buɗe ran nan," in ji Lalla. "Mu biyu muka ba gara ita."

Ya jefar da zangarniyar. Akwai tambayar da yake ta zagayawa tun safe, shi da ya san gona amma bai san cikin tukunya ba. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Lalla, faɗa mani gaskiya. Zai kai mu?"

Ta dubi sabon rumbun tun daga ƙafa har jinka. Ta auna shi da ido sosai, don ba ta son ta ba shi magana mai daɗi da ba ta da gindi.

"In ka ware iri yanzu, ka bar mani awo a hannuna, zai kai kaka. Da ƙyar. Ni da kai za mu manta da furar hantsi. Amma ba yaron da zai kwana da yunwa a gidan nan."

Badaru ya zauna a ƙasa nan inda yake, ya rufe fuska da tafukansa masu jar ƙasa. Ya daɗe a haka yana hamdala. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Gobe zan kai akuyoyinmu biyu kasuwa," ya ce, "a ƙara da hatsi."

"A'a, Maigida. Nan ban yarda ba. Ɗaya na da ciki, kuma nononsu ne zai riƙe ƙananan yara da damina."

Ya matsa gefe, ya share mata wuri a yashi da hannunsa.

"Zauna," ya ce. "Kawo taki hujjar, in kawo tawa."